Gani Ya Kori Ji: Mai Ido Da Makaho Daga Birnin Tibis Zuwa Illela

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Tun ina yaro nake jin wannan karin magana, ban kuwa taɓa yi mata gardama ba sai a shekarar 2022, sa'ad da wani makaho a garinmu Illela ya gaya mini abin da ke cikin aljihuna. Zan zo ga wannan labari. Amma da yake wani tsohon wasan kwaikwayo ne ya ba ni kalmomin da na fahimci abin da ya same ni da su, sai in roƙi mai karatu ya yi haƙuri mu fara yin doguwar tafiya, daga bakin iyakar Nijeriya da Nijar zuwa ƙasar Girkawa, waɗanda malamanmu na zaure ke kira Yunanawa, fiye da shekara 2,400 da suka wuce.

A birnin Atina an yi wani marubucin wasanni ana ce da shi Sofokilis, wanda ya rasu a shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), yana da kimanin shekara 90 a duniya. Ya rubuta wasanni fiye da 100, amma 7 kaɗai suka iso gare mu cikakku. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne wasan Sarki Idifus, wanda masana ke kyautata zaton an fara nuna shi wajen shekara ta 429, watau ba da daɗewa ba bayan wata annoba ta auka wa Atina a shekara ta 430. Da yawa daga cikinmu mun san labarin ta bakin Ola Rotimi, wanda ya ɗauko shi ya sa masa tufafin Yarabawa a 1968, ya mai da sarkin Odewale, makahon bokan kuma Baba Fakunle. Ga waɗanda ba su sani ba, ga shi a taƙaice.

An gaya wa Layus, sarkin birnin Tibis, cewa ɗan da zai haifa shi zai kashe shi. Da matarsa Jokasta ta haihu, sai aka huda wa jaririn idon sawu aka ɗaure, aka ba wani makiyayi ya kai shi dutse ya yar. Makiyayin ya ji tausayi, ya miƙa shi ga wani makiyayin na ƙasar Koranti, shi kuma ya kai wa sarkinsu wanda ba shi da ɗa. Yaro ya tashi a gidan sarauta, ana kiransa Idifus, watau mai kumburarriyar ƙafa. Ran nan wani da ya sha ya yi tatul ya goranta masa cewa ba ɗan gidan ba ne. Ya tafi Dalfi, wurin tsafinsu mafi girma, don ya bincika, sai aka ce masa zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Tsoro ya kama shi, ya rantse ba zai sake taka Koranti ba. A kan hanya, inda hanyoyi uku suka haɗu, ya yi rigimar ba-ni-hanya da wani dattijo a keken doki, ya kashe shi. Ya isa Tibis ya tarar wata dodanniya ta addabi gari da kacici-kacici, duk wanda ya kasa amsawa ta halaka shi. Tambayarta ita ce: mene ne ke tafiya da ƙafa huɗu, sa'an nan biyu, sa'an nan uku? Idifus ya ce ɗan Adam ne, mai rarrafe yana jariri, mai dogara sanda in ya tsufa. Mutanen gari suka naɗa shi sarki, suka aura masa matar sarkin da ya mutu, har ta haifa masa 'ya'ya huɗu.

Duk wannan ya riga ya faru kafin a fara wasan. Abin da ake nunawa a dandali yini ɗaya ne tak: annoba ta sauka a Tibis, an aika Dalfi, amsa ta zo cewa sai an nemo wanda ya kashe Layus an kore shi. Idifus ya tashi tsaye ya ce shi zai nemo shi.

To, a nan ne gwanintar Sofokilis take. Mutanen Atina da suka cika dandali sun san wannan labari tun suna yara, kamar yadda muka san labarin Bayajida da macijiyar Kusugu. Ba su zo don su ji yadda za a ƙare ba. Sun zo su kalli mutumin da bai sani ba yana magana a gaban waɗanda suka sani. Sarki ya tsine wa mai kisan, ya hana kowa ba shi masauki ko yi masa magana, ya ce tsinuwar ta hau kansa shi ma in da saninsa mutumin yana cikin gidansa. Har ya ce zai tsaya wa mamacin kamar yadda ɗa ke tsaya wa mahaifinsa. Kowace kalma gaskiya ce, amma ta wata fuska da mai faɗinta bai nufa ba.

Turawa suna da suna guda da suke kiran wannan salo da shi, wanda suka aro daga kalmar Girkanci mai nufin mutum ya nuna kamar bai sani ba alhali ya sani. Mu abin da ya fi kusa da shi a Hausa shi ne gatse. Uwa ta ga ɗanta yana wasa da tulu ta ce, "Yauwa, fasa shi, ai ubanka maginin tukwane ne." Wannan gatse ne, mai maganar ta san abin da take nufi, yaron ma ya sani. Na Sofokilis ya sha bamban, domin mai maganar da zuciya ɗaya yake yin ta, bakinsa ne kawai aka ara. Don haka ni na ga ya dace a kira shi gatsen ƙaddara, kafin malamanmu su samo mana sunan da ya fi wannan. Ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Duk yaron da aka yi wa tatsuniya ya san daɗin sa'ad da Kura ke yabon amincin Gizo, alhali masu sauraro sun san ya gama shirya mata gadar zare. Sai dai mu dariya muke yi da shi. Sofokilis ya ɗauki wannan sandar da muke wasa da ita, ya sa mutum ya ji tsigar jikinsa na tashi.

Inda abin ya fi tsanani shi ne sa'ad da aka kawo Tiresiyas, tsohon boka makaho, ɗan jagora na riƙe da shi. Sarki ya tarbe shi da girmamawa, ya roƙe shi ya faɗi mai laifin. Tsoho ya ce a mai da shi gida, shirunsa ya fi alheri ga kowa. Ran sarki ya ɓaci, ya ce ashe da hannunsa a kisan. Da tsoho ya ga an kai shi bango sai ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa shi ne wanda yake nema. Mai karatu ya lura, wasan bai ko kai rabi ba an riga an faɗi amsa a bainar jama'a. Me sarki ya yi? Ya yi wa tsohon gorin makanta, ya ce makantar tasa ba ta tsaya a ido ba, ta kai kunne da hankali. Ya ce makirci ne aka ƙulla da surukinsa Kiriyon don a ƙwace sarauta. Ya tambaye shi ina bokancin nasa yake ranar da dodanniya ke cin mutane, har sai da baƙo ya zo ya ceci gari da basirar kansa. Tsoho ya mai da masa da cewa yana da ido amma bai ga inda yake zaune ba, bai kuma ga da wa yake zaune ba, ya kuma yi masa albishir da ranar da zai bar garin yana lalube da sanda.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya hana mutum mai kaifin basira haka gane maganar da aka yi masa dalla-dalla. Wasu sukan ce girman kai ne, wasu su ce zafin zuciya. Akwai su duka biyu, ba musu. Amma ni a harshenmu na sami amsar da ta fi gamsar da ni.

Masana Girkanci sun ce kalmar da Girkawan dā ke faɗa in suna nufin "na sani", asalinta daga "na gani" take, kuma sautinta na nan a farkon sunan Idifus, har Sofokilis yakan yi wasa da hakan. Mu ma muna da irin wannan. Daga gani muka sami ganewa. Mukan ce a ganina, mukan ce wane yana da hangen nesa, wane idonsa ya buɗe, wane kuwa yana cikin duhun kai. Amma Bahaushe bai tsaya nan ba, yana da wata ƙofar sani ta biyu. Ba ma cewa wane yana ganin Hausa, sai dai yana jin Hausa. Da ji muke sauraro, da shi muke sansana wari da ƙanshi, da shi muke ɗanɗana gishiri, da shi muke sanin zafi da yunwa da kunya da tausayi. Yaron kirki ma mai jin magana ake ce masa. In ka duba da kyau, gani yana bukatar tazara. Sai abu ya yi nesa da kai kaɗan kake ganinsa, in ka manna takarda a idonka ba ka iya karanta ko harafi ɗaya. Ji kuwa sai abu ya shige ka. Saboda haka duk abin da ya manne da mutum, kamar asalinsa, da gidan da ya tashe shi, da hannun da ke ciyar da shi, ido ba ya kama shi, sai dai a ji shi.

Idifus gwanin gani ne. An tambaye shi mene ne ɗan Adam, ya amsa nan take, domin ɗan Adam a dunƙule abu ne da ake hangowa daga nesa. Aka tambaye shi wane ne kai, ya kasa, alhali amsar na nan a ƙafarsa, tabon da yake takawa da shi kullum, har shi ne sunan da ake kiransa. Mashayin Koranti ya faɗa, Dalfi ta faɗa, makaho ya faɗa, duk ta kunne abin ya zo, shi kuwa ba ya karɓar shaidar da ba ta ido ba. Ashe karin maganar nan tamu in aka juya ta, sunan cutarsa ce: ganinsa ne ya kori jinsa.

Sauran wasan duk haka yake tafiya, kowa ya zo da magani sai ya zama dafi. Jokasta ta so ta kwantar masa da hankali ta nuna masa maganar bokaye banza ce, ta ce ai an ce ɗan Layus zai kashe shi, ga shi kuwa 'yan fashi suka kashe shi a mahaɗar hanyoyi uku. Jin mahaɗar hanyoyi uku sai gabansa ya faɗi. Manzo ya zo daga Koranti da labarin sarkinsu ya mutu, ya ga Idifus na tsoron komawa saboda uwarsa, sai ya ce don Allah ya saki jiki, ai ba su suka haife shi ba, shi da hannunsa ya karɓo shi daga wani makiyayin Layus. Aristotal, a littafinsa na nazarin waƙa da wasa, wannan wurin ya kawo a matsayin misalin yadda al'amari ke juyewa ya zama kishiyar abin da aka nufa. A nan Jokasta ta gane kome. Ta roƙe shi ya bar binciken. Shi kuwa, kai jama'a, sai ya ɗauka kunya take ji kada a tarar mijinta ɗan bayi ne! Duk Bahaushe ya san nauyin wannan zato, don mun san yadda tonon asali ke raba aure a ƙasarmu. Aka kawo tsohon makiyayi, aka tilasta shi ya yi magana. Jokasta ta shiga ɗaka ta rataye kanta. Idifus ya zare allurai na zinariya da ke maƙale da tufafinta ya tsokale idanunsa. Wanda ya warware kacici-kacicin ƙafa uku ya koma bukatar ƙafa ta uku tun bai tsufa ba.

Na san a cikin 'yan'uwa ɗalibai akwai mai cewa, mu Musulmi ina ruwanmu da tatsuniyar masu bautar gumaka? Tambaya ce mai kyau. Ba wanda ya ce mu ɗauki Dalfi da bokayenta, kuma ƙaddarar Girkawa ba tamu ba ce, domin tasu tarko ce da ba ƙofar tuba ko rahama a cikinta. Amma zancen mai ido da bai gani ba, ai mun riga su jin sa a makarantar allo. A ƙissar Annabi Yusufu (A.S.), 'yan'uwansa sun tsaya gabansa a Masar da idanunsu garau, ya gane su ba su gane shi ba, suna ba shi labarin gidansu. Mahaifinsu kuwa, wanda baƙin ciki ya tafi da ganinsa, yana can wata ƙasa ya ji ƙanshin ɗansa tun ayari bai iso ba, na kusa da shi suna cewa ruɗewar tsufa ce. Ji ne ya riga gani a nan ma. Bambancin shi ne a ƙissar Yusufu ganin ya dawo, gida ya haɗu. Haka kuma Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zo neman sani a lokacin da ake fama da manyan Kuraishawa masu ido. A nan gida ma, Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana ƙarami ya kuma rasu a 1990, shi ya tsara waƙoƙin Imfiraji da masu ido ke rubuta kundin digiri a kansu, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Sai dai kada daɗin magana ya ɗebe mu. Makanta ba baiwa ba ce. Wanda ya ga makafi a rana tsaka ran kasuwar Lahadi a Illela, suna bin rumfa-rumfa a jere hannun wannan a kafaɗar wancan, ba zai ce sun fi mu morewa ba, kuma da yawansu ciwon da ya makantar da su yana da magani in da an kai su asibiti da wuri. A cikin wasan ma ba Tiresiyas kaɗai ya san gaskiya ba. Makiyayin nan mai ido biyu ya san kome, shi ya ɗauki jaririn, yana kuma wurin da aka kashe Layus. Da ya dawo ya ga wanda ke kan gado, sai ya roƙi a tura shi daji kiwo nesa da gari. Ya gani sarai, ya zaɓi ya kau da kai. Abin da makaho ya fi mu da shi kaɗan ne, amma yana da nauyi: ba ya ganin rawani, ba ya ganin ɓacin fuska, mutane kuma sukan saki baki a gabansa sai ka ce bango suke yi wa magana.

Yanzu bari in dawo gida.

Illela da Birnin Ƙonni na Nijar kusan gari ɗaya ne da aka raba da igiya. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, sai dai wannan na kashe naira wancan na kashe sefa. A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai a Disamba na 2020. A shekarun nan fetur na da rangwamen gwamnati a Nijeriya, a 2022 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, a tsallake kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Ba sai na yi wa kowa bayanin abin da ke biyo bayan irin wannan ba. Da dare ya yi, babura ɗauke da jarkoki sai su bi ta gonaki fitila a kashe.

A 2022 aka yi dogon yajin aikin malaman jami'o'i, muka share wata 8 a gida. Zaman banza ya ishe mu, sai mu ɗaliban gari muka shirya taron wayar da kan matasa, muka gayyaci dattawa, aka shimfiɗa tabarmi. Ni aka ba jawabi a kan fasa-ƙwauri, da yake ana ganin ina da baki. Na shirya ƙwarai. Na kawo yadda mai ke wuya a gari alhali yana wucewa ta bayan gidajenmu, da yadda yara ke barin makaranta su hau babur, da waɗanda suka ƙone ko suka karye a hanya. Duk gaskiya ne, har gobe ban janye ko ɗaya ba. Da na ga ana saurarona sai kaina ya yi zafi, na ce duk gidan da ke cin wannan kuɗi haram yake ci, duk wanda aka yi wa sutura ko aka biya wa makaranta da shi ya sani da jinin 'yan'uwansa aka biya, kuma ni da in ci irin wannan gara in bar karatu.

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka maganata ce ta ratsa su.

Can gefe akwai wani tsoho makaho da ke zama a tashar mota, wanda nakan ba sadaka duk ranar da zan koma makaranta. Ɗan jagoransa ya kawo shi, wataƙila don an ce za a raba abinci. Sai na ji ya ɗaga murya ya ce, "Wanga mai magana ɗan wa na?" Aka gaya masa. Ya ce, "To, ku ce mai shi zamna hakanan, ya isa."

Maimakon in zauna, sai na ce, "Baba, da kana ganin abin da muke gani da idonmu, da ba ka ce in zauna ba." Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ji daɗi, ina tsammani da shi suke. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ke riƙe da mu tun rasuwar mahaifinmu, yana zaune a sahun gaba kansa a sunkuye, ya cire hula yana juya ta a hannu. Na gan shi sarai. Na ce a raina kunyar yabo yake ji.

Kwana biyu abin na damuna, don na san na yi wa babba rashin kunya. Na tafi tasha na durƙusa na ce, "Baba, na zo ba da haƙuri." Ya ce, "Ɗana, ba komi. Gaskiyarka ta, ni ban ga komi ba. Amma duk sadakar da kaka ba ni in za ka makaranta, warin hetur nika ji gare ta. Tahi ka tambayi kawunka inda shika kwana."

Ni dai na san kawu da rumfar hatsi a kasuwa. Ban taɓa zama na lissafa ko 'yan buhunan da ke rumfar nan za su iya ciyar da gida biyu su kuma biya kuɗin jami'a ba, ni da na lissafa wa gari duka asararsa a takarda. Na sha ganin jan idonsa da safe, na sha ganin ƙunar salansa a ƙafarsa. Kuɗin nan a aljihuna suke kwana, hancina kuma lafiya lau. Da na je wa mahaifiyata da maganar, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, "Bar wagga magana, ka ji ko? Ka yi karatunka." Sai bayan mun koma makaranta, malaminmu na wasan kwaikwayo ya sa mu karanta Sarki Idifus, na iso inda sarki ke tsine wa kansa jama'a na kallo, na rufe littafin na fita waje. Duk wanda ke kan tabarmar nan ran taro ya san abin da ban sani ba. Ashe wasa aka yi a Illela, ni ne ban san ina cikinsa ba.

Ga tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Su ne kuma suka ce garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Wanne za mu bi? Tiresiyas, da Jokasta, da makiyayi, duk sun ce wa Idifus ya bari, kuma ba don ƙiyayya ba. Da ya bari da ya mutu da idonsa da rawaninsa. Duk da haka ni ina bayansa, dalilina kuwa ɗaya ne: mutane na mutuwa a gari. Rashin saninsa ba shi ke biyan kuɗinsa ba, talakawan Tibis ke biya da 'ya'yansu da dabbobinsu. In rufin asiri ya zama wani ne ke ɗauke da nauyinsa, to ya tashi daga sutura. Kuma abin da ya sa har yau ake girmama wannan sarki, da ya ga bincike ya juyo kansa bai sallami shaidu ba, bai ce a rufe shari'a ba, alhali yana da ikon yin haka. Sarakuna nawa muka sani, na dā da na yanzu, da za su kafa kwamitin bincike su bar shi ya iso ƙofar gidansu?

Inda na rabu da shi shi ne wajen tsokale ido. Ya ce ba abin da ya saura da zai yi masa daɗin kallo. Na ji tausayinsa, amma ko a nan ina ganin halin nasa ne bai sake shi ba, shi ne mai bincike, shi ne alƙali, shi ne kuma mai zartar da hukunci. Sofokilis da kansa kamar bai gamsu ba, domin a ƙarshen rayuwarsa ya sake rubuta wani wasan, wanda aka nuna a shekara ta 401 bayan rasuwarsa, inda Idifus tsoho makaho, 'yarsa Antigoni na yi masa jagora, yake kare kansa da cewa abin da ya aikata bai aikata shi da sani ba. A wannan wasa na biyu ya koyi zama ya saurara, har a ƙarshe shi ke gaba masu ido na bin sa zuwa inda zai mutu.

Kada kuma mu masu karatu mu ɗauka mun tsira. Daɗin gatsen ƙaddara shi ne yana ɗora mai kallo a kan tudu, yana hango sarki na laluben abin da ke gabansa, yana cewa wayyo, da ni ne da na gane. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana. Mu da muke jami'a mun fi kowa shiga wannan hatsari, don aikin da ake koya mana ke nan, mu ja da baya mu hango al'umma, mu ba ta suna, mu rarraba ta kashi-kashi. Aiki ne mai amfani, ban raina shi ba. Amma a jawabina na Illela daga farko har ƙarshe wakilin suna ɗaya na yi ta amfani da shi, watau "su". Da na ce "mu" ko sau ɗaya, da wataƙila kawu ya ɗaga kai, da kuma an tattauna abin da ya tara mu.

Wani zai so ya ji ko na cika alkawarin da na yi a gaban jama'a na barin karatu. Ban cika ba. Ban kuma yi wa kawu maganar ba har yau, shi ma bai yi mini ba. Da aka cire rangwamen mai a watan Mayu na 2023 harkar ta ja baya, ya koma noman albasa da rumfarsa, kuɗin makaranta ya zama sai an haɗa da kyar, wani zangon har da sayar da tunkiyar mahaifiyata. Amma a watan Oktoba na 2022, da aka janye yajin aiki, da asuba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, bai ko cire rigar sanyin da ya kwana da ita a hanya ba. Ya miƙo mini kuɗi a ɗaure da roba ya ce, "Ga na rajista, Allah shi ba da sa'a." Na sa hannu biyu na karɓa na ce, "Na gode, Kawu." A wannan karon na ji warin tun kafin su taɓa tafina.

A tasha na tarar da tsohon a wurinsa. Tun ban yi sallama ba ya ce, "Ɗan boko, za a koma?" Na ce, "Za a koma, Baba." Na zaro ɗari biyar na sa masa a hannu. Ya kai ta hanci, ya yi murmushi, ya cusa a aljihu, sa'an nan ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a mai tsawo, har kwandasta ya fara buga jikin mota yana kiran saura mutum ɗaya.